Jar Saniyata da Motar da Ke Tafasa

Ni dai ba mai yawo ba ce, duk garinmu an san haka. In ba bikin dangi na kusa ko gaisuwar rasuwa ba, sai in yi wata biyu ban leƙa bakin titi ba, kuma ba hana ni aka yi ba, gidan ne ke mini daɗi. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, shekara biyu na yi aka ce in dawo in kama wa tsohuwata aiki. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Ina tsakar gida ina tankaɗe zan iya faɗin wace ce ke daka a unguwa, da ko gero ne a turminta ko dawa.

Garinmu ƙarami ne, nan kusa da Dogarawa. Maigidana manomin albasa ne tun tasowarsa. Wata shekara, lokacin da wayar salula ta fara shigowa Ƙonni, albasa ta yi kyau ta kuma yi daraja, sai ya ce shi kam ya gaji da jiran motar wasu, tasa zai saya, ya riƙa ɗaukar mutane da kaya ranakun kasuwa. Ya samu wata fara mai dogon baya, irin 'yan Kwatano ɗin nan da suka gama zamansu a Turai kafin su zo mana. Wani jandarma ne da aka yi wa canjin wurin aiki ya sayar masa. Ya rantse masa cewa tun da ya same ta ba ta taɓa kwana a gareji ba, kuma daga baya na gane gaskiya bawan Allah ya faɗa.

Ranar da ta shigo gida sai da aka rushe gefen katanga. Maƙwabta suka cika mu, tsofaffi suka yi addu'a, na dama fura ƙwarya biyu. Washegari da safe maigida ya ɗaga murfin gabanta, ya kwance bakin lagireto, wato tankin ruwan nan da ke sanyaya inji, ya leƙa. Sai na ji ya yi tsaki.

"Uwar ɗiya, taho ki gani."

Na zo na leƙa. Ruwan da ke ciki kore ne shar, kamar na tafkin da ya yi gansakuka.

"Dubi abin da mutumin ga ka ba ta," in ji shi. "Jandarma guda da albashinai, ya rasa ruwan kirki."

Na ce, "Ai ko jaki ba a ba shi wanga ruwa."

Ya kwance ƙasa ya zubar da shi duka. Ni da hannuna na ɗauki guga na nufi rijiyarmu ta bayan gida. Wannan rijiya kakan maigida ne ya sa aka fasa ta cikin farin dutse, irin dutsen da ake kwasa a Malbaza a yi siminti da shi. Ruwanta garau, ga sanyi, baƙo in ya sha sai ya ƙara. Aibinsa biyu ne kawai, kuma mata ne suka san su: yana cin sabulu, sannan wake na daɗewa bai nuna ba a cikinsa. Amma wa zai kawo zancen wake a kan mota? Muka cika mata cikinta da ruwan da muka fi ji da shi. Daga ranar kullum safiya sai maigida ya duba ya ƙara mata, yadda babansa ke shayar da doki kafin kowa ya karya.

Shekarar farko ba mu san bakanike ba sai don canjin mai. Tana fita da asuba ta dawo da la'asar, tun tana kan kwanar makarantar allo nake jin muryarta, in ɗora ruwan wanka. Ta kai haihuwa asibiti, ta kai amare, ta kawo mana buhun shinkafa daga Ƙonni. Har na fara jin ana ce mini matar mai mota a gidan suna, ina yi kamar ban ji ba.

A bazara ta biyu ta fara tafasa. Akwai wani hawa mai tsawo a hanyar Illela, tamu ta arewa nake nufi, ba ta ƙetaren iyaka ba. Da ta kai tsakiyarsa sai tururi ya taso daga gaba, dole a tsaya gindin wata bagaruwa, fasinja su sauka, a jira ta huce, a ɗura mata ruwa. Maigida ya koma tafiya da jarka biyu na ruwan rijiyarmu. Tana ƙara tafasa yana ƙara ɗurawa.

Bakanikenmu ba bare ba ne, ɗan kawuna ne, taubashina, yana da gareji a Ƙonni kusa da tasha. Mutum ne mai hannu, ba ya cutar kowa, kuma al'adarsa duk abin da ya cire a mota sai ya miƙa wa mai ita tsohon, don ya ga an canza da gaske. Da farko ya ce igiyar fanka ce ta saki. Wannan ba ta ci komai ba. Aka kwana biyu ta koma. Ya ce famfon ruwa ne. Ragon da muka turke don layya ya tafi. Sai ta ƙona wani faifai da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, su suna ce masa juwan kilas, sunan da na daɗe ina zaton na mutum ne. Wannan ya cinye albasar da muka ɓoye a rudu, rumbun albasa, muna jiran ta yi tsada. Kafin shekara ta zagayo ta sake ƙona shi, waken da na ce ba za a taɓa ba sai damina shi ma ya bi. Tsofaffin ƙarafa da robobi suka taru bayan rumbu, tuli guda.

Abin da ya fi ci wa maigida rai ba asarar ba ce, bakin 'yan tasha ne. Sun sa mata suna Mai Shayi. Yana shigowa sai wani ya ɗaga murya, "Ku kawo ganye da sukari, ga buta ta iso." Mai sauri ba ya shigarta. Sai tsofaffi da masu awaki, waɗanda ba su da inda za su da wuri.

Wata rana bayan la'asar ya dawo, ya zauna kan tabarma bai cire hula ba. Na kawo ruwa ya sha.

"Ɗan kawunki ya ce injin ya gaji. Sai dai a sawo wani."

Na san ba a sayen inji da kaji.

"Ba tilas ni ka yi miki ba," in ji shi. "Ki ara mini jar saniya. In Allah ya sa mota ta tashi, in maida miki biyu."

Ranar aurena tsohuwata ta ba ni karsana guda. Ta yi ta haihuwa, har suka kai yadda ake ce musu shanu. Shekarun fari suka zo suka kwashe su ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar tawa ma ta riga mu gidan gaskiya. Jar saniyar nan ita kaɗai ta saura daga wannan tsatso, tana hannun wani Bafulatani amintaccenmu can wajen Illela, kuma tana da ciki a lokacin. Ban cika ganinta ba, amma sanin tana nan ya ishe ni. In ta tafi, babu sauran abin da zan nuna in ce wannan daga hannun uwata ya fito.

Duk da haka ban iya ce masa a'a ba. Mutum ne da bai taɓa taɓa mini ko akuya ba da izinina ba. Na ce ya aika wa Bafulatanin ya kawo ta kara, wato wurin cinikin shanu, ranar kasuwar Illela ta sama, kwana tara ke nan. Na shiga ɗaki na yi abin da zan yi, na wanke fuska na fito na ci gaba da tuwo.

A lokacin ɗiyata ta fari tana gida, ta zo wankan jego, saura kwana biyu ta yi arba'in. Safe da yamma ina dafa mata ruwa a babbar tukunyar dalma. Na lura tun wajen kwana na talatin tukunyar ta fara cin itace fiye da da, kuma muryarta ta canza. Sabuwar wankakkiyar tukunya in za ta tafasa gurnani take yi a hankali, sumul. Wadda farin ɓawo ya kama gindinta kuwa sai ta riƙa ƙas, ƙas, ɓal, kamar ana jefa tsakuwa a ciki, ko an janye wuta ba ta bari nan da nan. Duk macen da ke girki da ruwan rijiyarmu ta san wannan ɓawo.

Washegarin zancen saniya, ina tsugune gaban murhu da yamma na janye itace, tukunya na ta ƙas, ƙas, sai ga maigida ya shigo da mota ya kashe ta. Sai na ji tukunya biyu. Na juya. Ɗaya a gabana, ɗaya a bayana ƙarƙashin murfin mota, kuma da a ce an rufe mini ido ba zan iya raba su ba. Na fi shekara ina jin wannan ƙara a motar, ban taɓa jin su tare ba sai ranar.

Na bar ruwan jego na zaga bayan rumbu. Cikin tulin nan na zaro wata baƙar roba mai kauri kamar hannun yaro, wadda aka ce ta nan ruwa ke bi ya shiga inji. Na lanƙwasa ta, na ji ƙurus kamar an karya ƙanzo. Na buga ta a bakin turmi. Farin ɓawo ya zubo, cikin tafin hannu guda.

Na kai wa maigida yana alwala. Ya duba ya ce, "Mi na na?"

"Ciwon motarka na. Irin na tukunyata."

Ya yi murmushin da ake yi wa mai ciwon zuciya don kada a ƙara masa. "Uwar ɗiya, na san saniyar ga na ranki."

"Tana raina. Amma ka kira mini ɗan kawu shi zo nan gida. Ka ce baiwatai ka kira."

Haka muke da shi tun muna yara, shi ɗan namiji ni ɗiyar mace, don haka wai ni baiwarsa ce. Ranar Juma'a bayan an sauko sai ga shi a kan babur, dama yana so ya duba lambar injin kafin ya aika a nemo wani. Tun daga zaure yake magana.

"Ina baiwar nan da an ka ce ta buɗe gareji? Ni da na sha wahalar koyo shekara bakwai, ashe da na sani gindin murhu za ni zamna."

Na ce, "Da ka zamna nan da ragonmu na nan da rai. Shigo, ubangijin da ba shi ciyar da bayinai."

Na shimfiɗa musu tabarma. Na riga na jiƙa tsamiya tun safe, mai kauri, irin wadda nake wanke tukunya da ita. Na kawo tasa biyu. Ɗaya na zuba ɓawon da na kankaro daga tukunyar jego, ɗaya na robar motar. Na ce ya nuna mini wanne ne na mota.

Ya juya su da yatsa, ya murtsuke, har ya ɗanɗana a harshe.

Na tsiyaya ruwan tsamiya a kan kowanne. Na ce, "Kai da ba ka jin magana, yau kawo kunnenka."

Ya kara tasar a kunne. Tana wani siririn sauti, sss, ƙananan kumfa na tasowa daga jikin ɓawon. Ya ɗauki ɗayar, haka. Ya miƙa wa maigida.

"Sau biyu ina wanke lagireton ga," in ji taubashina, amma yanzu ba da muryar wasa ba. "Ruwa na shiga ta bisa shina hita ta ƙasa. Ba shi yoyo."

Na ce, "Ni ban san cikinai ba. Hanya guda ta, ko da yawa?"

"Da yawa. Sirara, awa karan alkama." Sai ya tsaya. Na ga yana kallon motar. "In rabi sun toshe ma, ruwa za shi wuce ta sauran." Ya juya wajen maigida. "Wane ruwa kaka ba ta?"

"Na rijiyarmu. Babu mai kyau nai duk ƙasar ga."

"Wanda ta zo da shi fa?"

Maigida ya ba shi labarin koren ruwa. Taubashina ya fara dariya, ya yi ta yi har ya kwanta a gefen tabarma hularsa ta faɗi. Da ƙyar ya ce, "Magani na. Turawa ka sa shi don kada cikin inji shi yi tsatsa ko ɓawo. Da kuɗi aka sayenai. Kun ka zubar a ƙasa."

Kunya ta kama maigida, na ga kunnensa na motsi. Na ce, "Ni na ce ko jaki ba a ba shi. Ni kuma na jawo gugan farko. Kai kuma shekara guda kana kwance ta kana ɗaurewa ba ka tambayi mi taka sha ba. Kowa shi ɗauki nashi."

"Baiwa ta yi gaskiya," in ji shi, yana kakkaɓe hula. "Amma ban yi miki alkawari ba. Wataƙila zafin ya riga ya kashe injin. Kuma ban taɓa jin an ba mota tsamiya ba."

Maigida ya yanke magana. Ya ce a gwada. Saniya dai tana zuwa kara ranar kasuwa, an riga an aika. Za a ɗora wa mota cikakken lodi a hau da ita hawan nan da tsakar rana. In ta tafasa, a sayar da saniya a ranar. In ba ta tafasa ba, Bafulatani ya juya da abarsa.

Taubashina ya kwance lagireton a ranar, ya jingina shi da katanga, muka toshe ƙasansa da totuwar masara da tsumma. Tsamiyar da na tara don kunun azumi duka na juye a baho. Ba ta isa ba, na aika gidajen maƙwabta. Kafin magariba duk unguwa ta ji wai ina dama wa mota kunu. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "In ta sha ta ƙoshi, a sammana saura, ko da ƙosai za a haɗa mata?" Ta miƙo tata tsamiyar a leda.

Na jiƙa da ruwan ɗumi, na tace da kallabi sau uku don kada ko zare ɗaya ya shiga, na ɗura. In na kara kunne a jikin ƙarfen sai in ji yana sss a hankali, ko'ina. Safe da yamma nake zubarwa in sake sabo. Abin da ya fito ranar farko kamar an dama farar ƙasa. Rana ta biyu da gutsattsari, wasu kamar ɓawon ƙwai. Gangar injin ma taubashina ya nuna wa maigida inda zai ɗura, aka yi mata haka.

Rana ta uku da safe na tarar da ƙasa ta jiƙe a gindin lagireton. Yana ɗiga ta wani gefe, ɗis, ɗis. Maigida ya zo ya duba. Ya ɗaure shi a bayan babur ɗin maƙwabci ya tafi Ƙonni. Na wuni ban ci abin kirki ba. Da la'asar suka dawo tare da taubashina, an liƙe wurin da dalma.

"Tsohuwar huda ta," in ji shi. "Ɓawon ne ya rufe ta. Kin tona mata asiri dai." Ya ɗaga lagireton da hannu ɗaya. "Kin san ya rage nauyi?"

Ya damu kada tsamin da ya saura ya ci ƙarfe. Na ce wannan kuma aikin kanwa ne, kowace mai miya ta sani. Muka ɗauraye da ruwan kanwa tsararo, sannan da ruwa zalla har sai da ya fito garau. Da aka zo cikawa maigida ya nufi rijiya da guga, ƙafarsa ta saba. Na ce, "Malam, ina za ka?" Ya tsaya, ya ajiye gugan. An yi ruwan farko sau biyu a makon, na tari na indararo a duro don wanki, saboda shi ba ya cin sabulu. Shi muka tace muka ba ta.

Ranar kasuwa na ce da ni za a je. Ɗiyata ta ce, "Inna, ke da ko Dogarawa sai an yi miki wa'azi?" Na ce ko sayar da saniyar za a yi, in gan ta da idona tukuna. Na saka zanen da nake zuwa suna da shi, na zauna gaba.

Maigida ya cika motar har bisa: buhunan albasa, mutum tara, akuya biyu a baya. Rana ta ɗaga, irin zafin nan mai nauyi na tsakanin ruwa da ruwa, wanda ko inuwa ba ta magani. Muka wuce Tsarnawa muka yi arewa. Maigida idonsa na kan wata allura a gabansa, ya ce in ta taɓa ja an gama. Ni ban san karatun allura ba. Na cire ɗan kunnena na dama, ban ma san dalili ba, na jingina kai da ƙarfen ƙofa.

Da muka doshi hawan sai wani dattijo a baya, wanda kullum shi ke shiga da awakinsa, ya fara tattara rigarsa yana neman takalmi. Wata mata ta ce, "Baba, ina za ka?" Ya ce, "Nan muka sauka shan shayi, ɗiyata. Gara in shirya."

Na ce, "Don Allah ku ɗan yi mini shiru."

Suka yi. Motar ta kama hawa, muryarta ta yi kauri, ta yi ƙasa, kamar mai ɗauke da tulu. Ina jiran ƙas ɗin nan na farko. Na ga bagaruwar na tahowa, ƙasan gindinta duk ya yi fari saboda ruwan da aka sha zubarwa a wurin. Ta zo daidai tagata. Ta wuce. Babu komai cikin injin sai gurnani guda ɗaya, sumul, irin na wankakkiyar tukunya. Na ji maigida na karanta wani abu a ƙasan numfashinsa. Muka kai ƙarshen hawan, hanya ta miƙe, iska ta shigo.

Dattijon ya ce, "Direba, yau ba shayi?"

Maigida ya ce, "Mai shayin ta yi ritaya, Baba."

Motar ta kaure da dariya, har da waɗanda ba su san zancen ba. Ni ban yi ba tukuna. Sai da muka shiga Illela ya tsaya ya kashe ta, na sauka na zaga gaba na sunkuya, mutane na kallona. Shiru. Na ƙara jira. Shiru dai. A nan ne na dafa murfin, kuma ya dafu, bai ƙona ni ba.

Muka nufi kara. Tun daga nesa na hango ta, ja, ƙahonta ɗaya ya ɗan karkace kamar na kakarta, cikinta ya fito. Dillalai biyu sun riga sun kewaye ta, ɗaya na buɗe mata baki yana duba haƙora. Bafulatanin na tsaye riƙe da igiya, fuskarsa ba daɗi, don shi ma ba ya son rabuwa da ita.

Maigida ya gaishe su, sannan ya ce wa dillalin, "Sakam mata baki, Alhaji. Ba ta sayarwa ba ta."

"To mi ya kawo ta kasuwa?"

Maigida ya nuna ni da haɓa. "Gaisuwa ta zo yi wa mai ita."

Na shafa wuyanta, ta juyo ta hura mini iska mai ɗumi a hannu. Bafulatanin ya ce saura wata biyu ta haihu in Allah ya so. Na kwance bakin zanena na ba shi na goro, na ce ya juya da ita tun rana ba ta faɗi ba, ya bi da ita a hankali. Na tsaya ina kallonsu har suka shige cikin sauran shanu.

Daga nan na shiga kasuwa na sayi tsamiya rabin buhu, don in mayar wa maƙwabta tasu. Maigida ya ɗauko mini ita da kansa a kafaɗa, ya sa a gaban mota wajen ƙafafuna.

Motar ta ƙara shekara biyar a hannunmu. Ba zan ce ba ta sake ganin bakanike ba, ta ci tayoyi, ta ci birki, tsohuwa ce ai. Amma ba ta ƙara tafasa ba, injinta kuma shi ne dai wanda ta zo da shi. Na sa aka ƙara mini duro biyu ƙarƙashin indararo, ɗaya nawa biyu nata, kuma rijiya ta koma ta mutane da dabbobi kawai. Taubashina ya rataya ƙullin tsamiya a garejinsa. In mota ta zo daga wajenmu tana tafasa, tambayarsa ta farko ita ce wace rijiya. An ce in aka yaba masa sai ya ce wata baiwarsa ce ya koya wa, ta dawo ta tuna masa.

Saniyar ta haihu cikin damina, mace, ja kamar uwarta. Da aka kawo mana nonon farko a ƙwarya, cikin motar aka kawo shi, na dama fura na aika wa taubashina Ƙonni, na ce a gaya masa ya sha a hankali, wannan shi ne injin da ya ce a sawo.